Na Bar Hancina a Damagaram

Tun da na dawo daga Damagaram ban huta da tambaya ba. A masallaci a tambaye ni, a bakin injin casa a tambaye ni, har mai shayin bakin tasha sai da ya riƙe gwangwanin madara ya ce ba zai zuba min ba sai na gaya masa ko da gaske ne na ci gasa a ƙasar waje. Wasu kuma ba gasar ce ta dame su ba. So suke su ji abin da zai sa mutum mai hankali ya dawo daga tafiya, ya ƙi taka ƙofar gidan ubansa, ya je ya tare a bukkar gona kwana goma sha biyu kamar mai korar tsuntsaye. To, bakina ya gaji. Ga shi nan na rubuta, duk wanda ya sake tambayata sai in miƙa masa.

Sunana Hamisu, manomin rani ne ni a nan Kura, kuma albasa ce sana'ar gidanmu. Mahaifina ya haura tamanin. Yana cikin waɗanda suka fara shuka tun lokacin da ruwan Tiga ya fara gudana a babban kanal ɗin nan namu. Baba ba ya duba albasa da ido. Yanka ta yake, ya kai hanci, ya lumshe ido, sannan ya gaya maka ko za ta yi wata biyar a rumbu, ko kuwa kafin sati uku za ta zama ruwa. Cikin mu bakwai da ya haifa ni kaɗai na gaji hancin, kuma ba na ɓoyewa, ina alfahari da shi. Sai dai Baba yana da fuka mai tsanani. Hayaƙin murhu ma in ya shaƙa, sai mu yini muna yi masa fifita. Lokacin da korona ta zo aka fara allura, mun yi lallashin duniya ya ƙi. Sai ya naɗe hannun riga ya nuna tabon lambar da aka yi masa tun yana yaro, ya ce, "Ni ga katina nan a dantse, wanda ba ya ɓata."

Ƙarshen damina ne, shinkafa ta fara ja, ana shirin renon albasa, sai takarda ta zo wa ƙungiyarmu ta manoman rani. Wai za a yi babban taron manoma na ƙasarmu da Nijar a Damagaram, da baje kolin iri, kuma mutanen Galmi za su zo da albasarsu. Galmi fa! Duk wanda ya taɓa riƙe fartanya a gonar albasa ya san sunan nan. Mutum biyu aka ce mu tura, aka zaɓe ni da Alhaji Garba na Bunkure, manomin tumatir, mutum mai faɗin ƙirji da faɗin murya, wanda ko raɗa zai yi maka sai na bayan gida ya ji. Sharaɗi ɗaya ne: ba mai shiga zauren taro sai da katin allurar korona, ko kuma a gwada shi a ƙofa. Mu biyun duk mun yi tamu sau biyu.

Da na je yi wa Baba sallama sai ya riƙe min hannu.

"Kai Hamisu, iri kowa ma zai sayo. Ni albasar kanta nake so. Ka zo min da ita guda biyar, in sansana da hancina kafin ka zuba ko ƙwaya ɗaya a ƙasata. Kuma kada ka sauke jaka ko'ina sai a gabana."

Na ce, "In sha Allahu, Baba." Wannan ma ba sai ya faɗa ba. A gidanmu matafiyi ba ya ko shan ruwa sai ya durƙusa gaban Baba.

Muka kama hanya da farin safiya. Daga Kura zuwa Kano, daga Kano muka hau ta Gumel har Maigatari. Alhaji bai yi shiru ba ko na minti ɗaya. Kafin mu kai Gumel duk mutanen motar sun san cewa mu wakilai ne, za mu je ƙasar waje, kuma tumatirin Bunkure ya fi na ko'ina. Wata tsohuwa da ke bayanmu ta ce, "Alhaji, Nijar ɗin ce ƙasar waje? Ni da nake zuwa suna can duk wata?" Ya ce, "Hajiya, duk inda za a buga maka hatimi ai waje ne."

A kan iyaka muka fara ganin abin dariya. Wani jami'in lafiya ya taso da 'yar na'urar auna zafin jiki mai kama da bindiga, ya saita goshin Alhaji. Alhaji ya sunkuya kamar an jefo masa dutse, hularsa ta faɗi. Ashe a cikin hular yake ajiye katinsa, ya kai an lulluɓe masa shi da leda mai tauri. Kati ya yi gefe, goro biyu suka gangara ƙarƙashin tebur. Jami'in Nijar ɗin da ke duba takardu ya ɗauki katin, ya karanta, ya ɗago ya dube mu.

"Daga Kano? To madalla, ga bayinmu sun iso lahiya."

Alhaji yana kakkaɓe hula ya ce, "Mun zo duba talakawanmu ne, mu ga ko kuna samun abinci."

Kowa ya san wasan da ke tsakanin Kanawa da Damagarawa, amma ban taɓa zaton har mai kaki zai yi shi a bakin aiki ba. Ya buga mana hatimi yana dariya, ya kuma riƙe goro ɗaya ya ce kuɗin fansa ne.

Daga nan muka shiga wata tsohuwar mota da na tabbata ta girme ni. Awaki uku a bayanta, ɗaya ta ƙwallafa rai a kan gefen babbar rigar Alhaji har sai da ta ci wani yanki na aikin. Sau biyu muna sauka mu tura. Amma wallahi ban ji gajiya ba, zuciyata fari ƙal, kamar yaron da za a kai kasuwa ranar farko. Da la'asar sakaliya muka shiga Damagaram, ga manyan duwatsu a tsakiyar gari kamar an jibge buhuna.

Masaukin da aka ba mu mai tsabta ne, ɗaki ɗaya gado biyu. Abin da ya fara ɗaure mana kai shi ne burodinsu. Dogo ne kamar sandar makiyayi, bayansa da tauri. Alhaji ya ɗaga shi ya ce, "Wannan ci ake yi ko kare kai?" Amma da ya tsoma a shayi sai da ya cinye biyu. Shayin ma nasu daban ne. A ɗan mitsitsin kofi ake ba ka, sau uku, na farko da ɗaci kamar maganin zazzaɓi, na ƙarshe zaƙi kamar zuma, kuma in ka tashi kafin na ukun ka yi rashin ladabi. Dambunsu na zogale kuwa, Allah ya gani, ya fi namu. Na faɗa, duk matar da za ta yi fushi ta yi. Hausarsu tamu ce, sai dai suna cusa Faransanci a ciki yadda yaranmu ke cusa Turanci, sai ka ji magana tana tafiya lafiya lau, kwatsam ta faɗa rami.

An ce mana taro ƙarfe takwas. Mu kuwa muka ɗauka takwas irin ta gida ce, wadda ake fara shimfiɗa tabarma ƙarfe goma. Muka yi wanka a tsanake, muka sha shayi uku-uku, muka isa goma saura. Ashe su takwas ɗinsu takwas ce. Muka tarar da layi har bakin titi, rana kuma ta fara duka.

Layi biyu ne a ƙofar. Ɗaya na masu kati, ɗaya na waɗanda za a zura wa tsinke a hanci a wata rumfa, su jira kaɗan a ba su sakamako. Kowa da takunkumi a fuska, wanda bai zo da shi ba a ba shi. Wani Buzu dogo da rawaninsa har ido, da aka miƙa masa, sai ya ce, "Mu tun kaka da kakanni muke sanye da namu, ku ne kuka makara." Duk wanda ya wuce sai a ɗaura masa wata koriyar takarda a wuyan hannu. Da aka ɗaura min tawa na ji wani irin daɗi, kamar an ba ni sarauta.

Zauren kuwa, jama'a! Ban taɓa shiga irinsa ba. Faɗinsa ya kai gonar kadada guda, tagogi a rufe ruf, injin sanyi yana busawa har sai da na nemi hannun riga. Tebura jere da iri kala-kala, injinan ban ruwa masu aiki da hasken rana, da mutane ɗaruruwa. Muna shiga Alhaji ya ja takunkuminsa zuwa haɓa, ya yi ajiyar zuciya.

Na ce, "Alhaji, ba a ce mu bar shi ba?"

Ya ɗaga hannunsa mai koriyar takarda. "Hamisu, dubi nan. Duk wanda ke ɗakin nan an tace shi kamar gasarar koko. Tsakin yana waje. Wa zai ba ka ciwo a nan?"

Na duba hagu da dama, kusan kowa takunkuminsa a haɓa yake, wasu ma sun rataye shi a kunne ɗaya. Maganar ta shige ni. Ni ma na ja nawa ƙasa.

Kafin abincin rana wata likita, 'yar siririya mai tabarau, ta hau dandamali. Ba zan manta abin da ta ce ba, ko da yake a lokacin da kunne ɗaya na saurara. Ta ce, "Jama'a, katin nan hwa ba laya ba ne. Yana taimakonka kada ciwon ya kada kai ƙasa, amma bai hana ka ɗauka ka kai wa wani ba. Wanda aka gwada da sahe, na sahe aka gani. Ku maida takunkumi, ku rage cunkoso." Tana cikin magana aka fara shigo da manyan tukwanen shinkafa da naman rago ta ƙofar baya. Kawuna suka juya gaba ɗaya kamar an kira sunansu. Aka tafa mata, aka nufi tukunya.

A teburin mutanen Galmi na haɗu da Mamman. Gajere ne kakkaura, hannuwansa kamar nawa, duk kanta. Albasarsa ja-ja mai ruwan shuɗi, wuyanta a tsuke, ɓawonta yana ƙara in ka taɓa. Na ɗauki guda na yanka da 'yar wuƙata na kai hanci ban ko yi tunani ba. Ya tsaya yana kallona.

"Kai, mi kake yi haka?"

Na ce, "Ina tambayarta ne wata nawa za ta yi a rumbu. Ta ce shida, in ba a shayar da ita ana gobe cira ba."

Ya buga cinya ya yi kururuwa. "Wallahi hakanan ne! Ku taho ku ga Bakano mai magana da albasa!" Ya yi tari biyu, ya share hanci da gefen rawani, ya ce sanyin injin nan ne ya hana shi sakat tun safe.

Wannan ita ta jawo gasar, a rana ta biyu. Ba ta cikin tsarin taro, mu muka ƙirƙiro abarmu. Damagarawa suka ce ƙaryar Kanawa ce, in gaskiya ne a rufe min ido. Aka samo albasa iri huɗu: ta Galmi, ta Agadas, ta wani lambu na kusa da gari, da tamu ta Kura da na zo da ita. Buzun nan ya ba da aron gefen rawaninsa aka ɗaure min fuska. Mutane suka yi mana zobe, sun fi arba'in, kai da kai, kowa yana ihu a kunnen ɗan'uwansa saboda ƙarar injin. Mamman ne ke yankawa, ya fara sansanawa, ya miƙa wa na kusa, ta zaga hanci-hanci don kowa ya shaida, sannan ta iso gare ni.

Ta farko na ce ta Agadas ce, ƙamshinta a bushe yake. Aka yi shewa. Ta biyu ta lambun gari, an cika mata taki. Ta uku tana zuwa na yi dariya na ce, "Wannan ai 'yar gida ce, daga gonar ubana ta fito." Zauren ya ɗauka. Ta huɗu ba sai an faɗa ba. Alhaji ya ɗaga ni sama kamar buhun taki yana ihu, "Kano ta Dabo! Ku kawo kuɗin fansa!" Wasu suka ce sai sun gwada su ma, aka shiga gatsa ana miƙawa, yaji ya kama mutane, aka kawo ruwa a moɗa ɗaya ta zaga mu duka. Mamman ya rungume ni, ya zaɓo min albasa biyar mafi kyau da gwangwanin iri, ya ce kyauta ce ga tsohon da ya koya min. A rayuwata ban taɓa jin daɗi irin na ranar nan ba. Abin da nake ta ƙissimawa shi ne fuskar Baba in na ba shi labari.

Bayan an rufe taro muka ƙara kwana biyu, aka zaga da mu lambunan Mirya, nan kusa da Damagaram. A nan na fara jin jikina ya yi nauyi, maƙogwaro yana ƙaiƙayi. Na ce gajiya ce da sanyin zaure. Alhaji ma yana ta jan hanci, ya ce shi kam burodin ne.

Ranar dawowa, a motar Maigatari zuwa Kano, wata mata ta toshe hanci ta ce, "Don Allah wa ya shigo mana da albasa? Ga kuma kifin wancan bawan Allah, mutum ba zai yi numfashi ba?" Kowa ya goyi bayanta. Ni kuwa jakar tana kan cinyata, ban ji komai ba. Na ɗauka wasa ne. Na sunkuya na cusa fuska cikin jakar. Shiru, kamar na sansana ruwan randa. Na lalubo takunkumin da ya kwana biyar a aljihu na saka, na juya fuska waje.

A Na'ibawa muka rabu da Alhaji, shi zai hau ta Bunkure. Na koma gefe na yanka ɗaya daga cikin ragowar albasarmu ta Kura, na manna ta a hanci. Idona ya kawo ruwa, hancina ko gezau. Ina tsaye a haka waya ta yi ƙara, lambar Nijar. Mamman ne, muryarsa a dushe.

"Ɗan'uwa, kun isa lahiya? Ni hwa ina asibiti. Sun gwada, sun ce ita ce, korona. Mu huɗu munka kamu cikin 'yan teburinmu. Ka kiyayi tsohonka."

Na dubi wuyan hannuna. Koriyar takardar tana nan, ban cire ba, don na so in nuna wa Baba. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba, ba don kaina ba. Da na bi son raina, nan da awa ɗaya ina durƙushe a ɗan ƙaramin ɗakin Baba mai taga ɗaya, hannuna cikin nasa, ina miƙa masa albasar da zai kai hanci.

Na kira Alhaji na gaya masa. Ya ce, "Haba Hamisu, mura ce! Mu da aka tace?" Na ce, "An tace mu, Alhaji, amma rariyar tana da huda." Bai ji ba. Daga baya na samu labarin yayarsa da ke gidansa ta yi kwana tara a asibiti ana ƙara mata iska. Allah ya tashi kafaɗunta, amma har yau in aka ambaci Damagaram muryar Alhaji takan ragu.

Ni dai na sauka kafin a shiga gari, na bi gefen kanal da ƙafa har bukkarmu ta gona, inda muke ajiye injin ban ruwa. Daga can na kira maiɗakina Rabi.

"Malam, kana ina? Baba tun azahar yake zaune a zaure, ya sa an yanka zakara."

Na gaya mata komai. Ta yi salati, sannan ta ce, "To ni me zan ce masa?" Na ce ta faɗi gaskiya. Washegari wani ma'aikacin lafiya da na sani ya zo a babur, ya zura min tsinken da na tsallake a Damagaram, ya ce ita ce. Ya ce allurar da na yi za ta taimaka, in sha ruwa, in huta, kada in kusanci kowa. Rabi takan kawo abinci ta ajiye a kan 'yar gadar kanal ta koma, sannan in je in ɗauka. Tuwo, miya, shinkafa, duk ɗaya suke a bakina, kamar ina tauna auduga.

Baba bai yarda ba. A ganinsa mura ba ta hana ɗa gaida ubansa. Gari kuma ya ɗauka: wai Hamisu ya je ƙasar waje an tafa masa, ya dawo ya fi ƙarfin durƙuso. Na kira wayar gida ya ƙi karɓa. Saƙo ɗaya ya ba Rabi ta kawo min, ta tsaya daga nesa ta faɗa tana sunkuyar da kai: "Ya ce a gaya maka, albasa ba ta yi halin ruwa ba." Zazzaɓin bai sa ni kuka ba, amma wannan maganar ta sa.

A rana ta huɗu da hantsi ina kwance sai na ji ƙarar a-daidaita-sahu. Na leƙo. Baba ne yake saukowa a ɗaya gefen kanal, da sandarsa, Rabi tana riƙe da shi. Ya nufi gada kai tsaye.

Na fito da gudu na tsaya daga nesa na ɗaga murya. "Baba, don girman Allah kada ka hau gadar nan! In ka tako, wallahi cikin shinkafa zan faɗa in yi ta gudu."

Ya tsaya yana haki. Ruwa yana gudu tsakaninmu. Na durƙusa a kan gaɓa, a cikin taɓo, na gaishe shi. Ya tsallake gaisuwar, ya jefo min tambaya.

"Ina saƙona?"

Albasar Mamman tana shanye a rana tun ranar da na iso. Na wanke hannu da sabulu, na sa su a leda na ajiye a tsakiyar gada na ja da baya. Rabi ta ɗauko, ta ɓare ɓawon sama, ta wanke, ta miƙa masa. Ya ciro wuƙarsa ya yanka, ya kai hanci, ya lumshe ido. Ya daɗe a haka. Na ga fushin yana sauka daga fuskarsa ba da son ransa ba.

"Wata shida," in ji shi. "In ba a shayar da ita ana gobe cira ba." Ya buɗe ido. "Kai me naka hancin ya ce?"

Na ce, "A can haka ya ce, Baba. Har gasa na ci da shi, an rufe min ido na gane ta gonarka cikin huɗu. Amma yanzu ba ni da hanci. Ko a wuta ka jefa ta ba zan ji ba."

"Ko kaɗan?"

"Ko kaɗan, Baba."

Likitoci sun yi bayani, ma'aikacin lafiya ya yi, Rabi ta yi, rediyo ya shekara yana yi, duk ba su shiga kunnen Baba ba. Amma ciwon da zai raba ɗansa da ƙamshin albasa, wannan ya gane shi nan take. Ya ja baya taku biyu daga bakin gada. Ya dubi rabin albasar da ke hannunsa, ya dube ni.

"To zauna nan," ya ce a hankali. "Kada ka zo. Ka ji ko? Kada ka zo sai hancin ya dawo."

Daga ranar kullum da hantsi sai a kawo shi. A shimfiɗa masa buzu a ƙarƙashin dalbejiyar da ke can gefe, ni ina nan gefe, mu yi ta hira da ƙarfi kamar masu faɗa. A haka na ba shi labarin burodi mai kama da sanda, da akuyar da ta ci rigar Alhaji, da gasar. Labarin gasar sai da ya sa na maimaita sau uku, kuma kowane karo sai ya tambaya, "Su nawa ka ce suna kallo?" Daga can gefen ya riƙa ba ni umarni na gyara fangalin reno, na zuba irin Galmi, yana ihu wai na cika yawa.

Ran kwana goma sha biyu ma'aikacin lafiya ya sake gwadawa, ya ce na fita. Na yi wanka, na sa rigar da Rabi ta aiko, na ɗauki jakata, wadda ban yarda na kira ta saukakkiya ba tunda ba a gaban Baba na ajiye ta ba. Na tarar da shi a zaure. Na ajiye jakar a gabansa, na durƙusa, na miƙa hannu. Bai karɓa ba. Ya sa hannu a aljihu ya ciro albasa da wuƙa.

"Rufe idonka."

Na rufe. Kwana biyu ke nan ina jin abu kaɗan-kaɗan, ban tabbata ba. Na ji ƙarar wuƙa. Na ji sanyin albasar kusa da leɓena. Da farko shiru. Sannan daga can nesa, kamar mai tahowa daga ƙarshen gona, ƙamshin ya iso.

Na ce, "Wannan ba ta Galmi ba ce, Baba. Tamu ce. Ta fangalin bakin kanal."

Na buɗe ido. Hawaye yana bin gemunsa, ya ce yajin albasar ne. Ya kama hannuna da nasa biyu.

"To, yanzu ka dawo," in ji shi. "Sannu da zuwa, Hamisu. Rabi, kawo masa ruwa."